GIYA TA CIJE: LADAN SANI KO LADAN GUMI?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa mallakar babur, ko da kuwa ɗan roba-roba ne, ya san irin ranar nan da mutum zai taka giya matakin ya cije, ya ƙi sama ya ƙi ƙasa, ko kuwa ya sauka ya ƙi komowa mazauninsa. Manufar wannan muƙala ita ce ta duba wata tambaya ta ɗabi'a da ke ƙunshe cikin wannan 'yar matsala. A ce an tura babur ɗin zuwa gareji, bakanike ya duba ya tarar ƙura ce kurum ta cushe a gindin matakin, aikin da bai wuce na minti 5 ba. Mai babur bai san haka ba, kuma ba shi da wata hanyar sani. To, mene ne ya wajaba bakanike ya gaya masa? Kuma mene ne ya wajaba shi mai babur ya biya, ladan gumin da ya gani da idonsa, ko kuwa ladan sanin da bai gani ba?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen 'yan gareji ne kawai. Galibinmu da ke wannan jami'a da sani za mu ci abinci, kuma akasarin waɗanda za mu sayar wa sanin ba za su iya auna shi ba. Amma tun da ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba, bari mu fara da shi injin tukuna.

Yadda Giya Take Shiga

Matakin giya, watau ƙarfen nan da ake takawa da ƙafar hagu, a ɗaure yake a kan wata sanda mai ƙananan haƙora wadda ta ratsa zuwa cikin inji. Idan an taka shi sai sandar ta ɗan juya, wani ƙugiya da ke can ƙarshenta ya cusa wani dunƙulen ƙarfe mai siffar ganga ya juya taki ɗaya. A jikin gangar an sassaƙa ramuka masu lanƙwasa, kuma a cikin ramukan nan ne wutsiyoyin wasu ƙarafa masu kama da cokali mai yatsu suke bi. Da ganga ta juya, sai cokulan su tura faya-fayan giya hagu ko dama, har 'yan ƙahonin da ke gefen wannan faifai su faɗa cikin ramukan na kusa da shi. Wannan shi ne shigar giya. Da an ɗage ƙafa kuma, akwai wani sifirin da ke mayar da matakin tsakiya domin ya jira taku na gaba. Saboda wannan tsari ne ba a iya tsallake giya a babur yadda akan yi a mota, dole sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

A da can kowane kamfani da inda yake sa matakinsa. Baburan Ingila da yawa a dama suke sa shi, Vespa ta Italiya kuwa da hannu ake murɗa tata giyar. Dokar da Amurka ta fara aiki da ita wajen 1975 ce ta tilasta a mayar da matakin ƙafa ɓangaren hagu ga baburan da ake sayarwa a can, kuma hakan ya taimaka ƙwarai wajen daidaita al'amarin a sauran duniya.

Tsarin Bincike

Abin lura a nan shi ne, tun daga tafin ƙafar mahayi har zuwa 'yan ƙahonin nan akwai gaɓoɓi da dama, kuma kowace gaɓa tana iya jawo cijewa. Don haka bakanike na ƙwarai yakan bi su bi da bi, daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko ma, sau da yawa babu wata cuta. Idan babur na tsaye kuma inji a kashe, ƙahonin kan yi karo da juna maimakon su sami rami, sai giya ta ƙi shiga. Da an ɗan gangara da babur gaba da baya sai ta faɗa. Bayan wannan sai a dubi shi kansa matakin, domin babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ta hagu matakinsa kan lanƙwashe har ya riƙa gugar murfin inji. Sa'an nan a dubi gindin da yake juyawa a kai, da mahaɗansa idan irin mai 'yar sanda ne, gama ƙurar hunturu idan ta gauraya da tsohon giris takan zama tamkar taɓo, ruwan damina kuma ya bar tsatsa. Wanki da kananzir da sabon giris sun isa magani. Kana a gwada notin da ya matse matakin a kan sanda, domin idan ya yi sako-sako matakin zai riƙa zamewa yana cinye haƙoran sandar.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a koma ga kuloci. A ƙananan babura da yawa, wasan da ake so hannun kuloci ya yi kafin ya fara ja bai wuce milimita 10 zuwa 20 ba a can ƙarshen hannun. Idan wasan ya yi yawa, ko waya ta fara tsinkewa, kuloci ba zai saki sosai ba, sai giya ta yi tauri. Alamarsa a fili take: babur yana son ya ja gaba alhali an damƙe kuloci, kuma samun firi ya yi wuya idan inji na aiki amma ya yi sauƙi idan an kashe shi. Ga roba-roba da ba shi da hannun kuloci, akwai wani ɗan noti a murfin dama da ake yin wannan saiti da shi. Daga nan sai baƙin mai, domin a yawancin babura mai ɗaya ne yake wanke inji da kuloci da giya baki ɗaya, saboda haka idan ya tsufa ko ya yi ƙasa ƙafa ce za ta fara ji. Wannan ne ma ya sa a 1998 Japan ta fitar da ma'auni na musamman ga man babur, wanda ake rubuta JASO MA a jikin galan, domin wani man motar yakan sa kulocin babur santsi. Sarƙar da ta saki da yawa ita ma takan sa canjin giya ya yi fizga.

Sai an wuce waɗannan duka ake taɓa murfi. Idan mataki ya sauka ya ƙi komowa, kuma gindinsa a wanke yake, to, galibi sifirin ɗin nan ne ya karye, kuma a ƙananan babura da yawa ana isa gare shi ta hanyar cire murfin kuloci kawai. Na ƙarshe, kuma mafi tsada, shi ne cokali ya lanƙwashe, ko ramin ganga ya cinye, ko ƙahoni su dakushe har giya ta riƙa fita da kanta. Wannan kam sai an sauke inji an raba shi biyu.

Mai karatu zai lura cewa matakai 6 ko 7 na farko ba su bukatar komai sai sifana da giris da natsuwa. Wannan jeri dabara ce ta aiki, kuma kamar yadda za mu gani, shi ne ma'aunin amanar mai aikin.

Haƙƙin Mahayi A Kan Hanya

Kafin a kai ga bakanike, shi mahayi ne yake fara fuskantar jarrabawa. Abin da zuciya take raya masa a take shi ne ya ɗaga ƙafa ya dannawa matakin dukan kawo wuƙa. Amma kuwa ƙarfen da aka yi domin ɗan yatsan ƙafa ya motsa shi, idan ya ƙi motsi, to, wani abu ne ya tare shi, kuma duka ba ya kawar da wannan abu. Iyakar abin da duka yake yi shi ne ya kai ƙarfin diddige ga ƙugiya da cokali, waɗanda ba a ƙera su domin ɗaukar nauyin mutum ba. Ta haka ne cutar da giris zai warkar take komawa ta sauke inji. Wani marubucin Amurka, Robert Pirsig, a cikin littafinsa na 1974 mai suna Zen and the Art of Motorcycle Maintenance, ya yi dogon bayani a kan irin wannan cijewa. Ra'ayinsa shi ne, lokacin da abu ya kafe wa mutum, a nan ne tunani na gaskiya yake farawa, muddin dai mutum ya yarda ya dakata ya duba. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa sannu ba ta hana zuwa. Haƙƙin farko ke nan: wanda bai san dalilin cijewa ba, kada ya sa ƙarfi.

Zoben Ɓata A Hannun Bakanike

Yanzu ga babur a gareji. Mai shi ya ce, "Maigida, giya ce ta ƙi." Bakanike ya durƙusa ya taɓa, cikin ƙiftawar ido ya gane ƙura ce. A wannan lokaci yana da hanyoyi biyu. Yana iya cewa, "Malam, zauna, yanzu za ka tafi." Yana kuma iya girgiza kai ya ce, "Kai, Malam, wannan sai an buɗe, ka dawo jibi." Ko wacce ya bi, babur zai koma lafiya, mai shi kuma zai tafi yana godiya.

A 1973 wasu masana tattalin arziki biyu, Michael Darby da Edi Karni, suka yi nazari a kan irin wannan ciniki, kuma aikin gyara na cikin manyan misalan da suka bayar. Sun nuna cewa akwai hajar da mai saye ba zai iya tantance ingancinta ba ko da bayan ya saya ya yi amfani da ita, domin wanda ya gaya masa abin da yake bukata shi ne kuma yake sayar masa. Mai sayen atamfa yana iya murza ta kafin ya biya. Mai sayen tuwo zai san daɗinsa da zarar ya kai loma. Amma mai gyaran giya har abada ba zai san ko da gaske injinsa ya bukaci buɗewa ba.

Tun kafin waɗannan masana da fiye da shekara 2,000, Aflaton na Girka ya kawo wannan matsala a cikin littafinsa na Jamhuriya. Ya ba da labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe wanda idan ya juya shi sai ya ɓace wa idon jama'a, aka kuma yi tambaya: shin akwai wanda zai ci gaba da yin adalci idan ya tabbata ba mai ganinsa? To, sani ma irin wannan zobe ne. Bakanike yana tsugune a gabanka da rana tsaka, amma abin da yake yi a ɓoye yake gare ka, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Hujjar Bakanike

Adalci ne mu saurari bakanike, domin yana da ta cewa, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: "Na shekara da shekaru ina yaron gareji, ina wankin noti, ana aikena sayen abinci, kafin hannuna ya iya gane cuta da taɓawa ɗaya. Idan na gaya wa mutum gaskiya na gyara masa cikin minti 5, sai ya miƙo mini na goro, ko ma ya ce ai ba ka yi komai ba. Idan kuwa na baza masa ƙarafa a ƙasa ya ga hannuna baƙi ƙirin, sai ya biya ba gardama. Ashe ke nan ƙwarewata ce take jawo mini asara, wanda bai iya ba kuwa, da yake zai yini yana lalube, shi ke samun lada mai tsoka. Ni haƙƙina kawai nake karɓa ta hanyar da jama'a suka yarda su biya."

Rabin wannan magana gaskiya ce tsantsa. Lalle minti 5 ɗin nan shekaru ne suka haife su, kuma wanda ya biya na goro a kansu ya ci haƙƙin mai sana'a. Inda hujjar ta karye shi ne wajen maganin da ta zaɓa, kuma akwai dalilai huɗu.

Na farko, mai babur bai yarda da cinikin da aka yi da shi ba. An karɓi kuɗinsa da sunan wani aiki, alhali wani aikin dabam aka yi. Ko da a ce kuɗin ya yi daidai da abin da bakanike ya cancanta, an raba mutumin da ikonsa na ya ji farashi ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Na biyu, buɗe inji ba gaira ba dalili ɓarna ce a kan kanta. Duk injin da aka raba a filin gareji, cikin ƙura, aka mayar da tsohuwar robar tare mai, da wuya ya koma yadda yake. Ga kuma kwana biyun da ɗan kabu-kabu zai yi ba aiki, alhali mai babur na jiran balas, iyali na jiran cefane. Na uku, an hana mutumin sanin da zai amfane shi. Da an ce masa ƙura ce, da ya riƙa wanke gindin matakin duk hunturu. Yanzu kuwa ya tafi da imanin cewa injinsa mai ciwo ne, wataƙila ma ya karyar da babur ɗin. Na huɗu, kuma mafi muni, yaran gareji suna kallo. Abin da suka ga maigida ya yi shi za su ɗauka a matsayin sana'a. Da zarar jama'a sun fahimci haka sai su daina yarda da kowa, har ranar da bakanike mai gaskiya zai ce cokali ya lanƙwashe a yi masa kallon ɓarawo.

Saboda haka kukan bakanike daidai ne, amma hanyar share hawayensa ita ce ya buɗe baki ya ce, "Malam, ƙura ce, na wanke. Kuɗin aikina kaza ne, domin gano cutar shi ne aikin." Mai yiwuwa a yi ciniki, mai yiwuwa wani ya yi tsaki. Amma duk abin da aka biya a kan wannan magana halaliyarsa ne.

Ha'incin Da Ke Kama Da Tausayi

Akwai kuma wani nau'in rashin gaskiya da ya saɓa wa na farko, wanda sau da yawa akan ɗauke shi alheri. Haƙoran sanda sun cinye, gyara na gaskiya shi ne a canza sandar, amma mai babur ba shi da hali. Sai bakanike ya kira mai walda a liƙe matakin a jikin sandar, a sallami mutum cikin farin ciki. Giya za ta shiga kam. Sai dai zafin walda yana iya ƙona robar da ke tare mai a wurin, kuma duk ranar da aka bukaci zare sandar sai an yanke ta.

Shin wannan laifi ne? A ganina, faci ba laifi ba ne, domin talaka ma yana da ikon ya zaɓi abin da aljihunsa zai ɗauka, kuma wanda cefanen yau ya dame shi ba a yi masa wa'azin baɗi. Laifin yana ga yin shiru. Idan an ce masa, "Wannan zai kai ka wani lokaci, amma ga abin da zai biyo baya," ya ce a yi, to, an girmama shi. Idan kuwa an yi facin an kira shi gyara, an yanke masa shawara a kan dukiyarsa ba da saninsa ba. Wanda ya kumbura ƙaramar cuta da wanda ya rufe babba duk abu ɗaya suka yi, watau sun riƙe sani sun hana mai haƙƙinsa.

Namu Laifin

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu kai gyara muna da hannu dumu-dumu a cikin wannan al'amari. Mun saba da auna aiki da yawan gumi da tsawon lokaci, shi ya sa muke jin ƙyashin biyan wanda ya gama da wuri. Haka muke yi wa likita: wanda ya duba mu ya ce hutu kawai muke bukata sai mu ce bai iya ba, wanda ya rubuta allura da ƙwayoyi kala biyar shi ne gwani. Al'ummar da take biyan wasan kwaikwayo ta ƙi biyan gaskiya, kada ta yi mamaki idan masu sana'arta suka zama 'yan wasa. Haƙƙinmu ne idan bakanike ya ce ƙura ce kawai, mu biya shi da daraja, mu koma wurinsa gobe, mu kuma kai masa abokanmu. Ta haka ne gaskiya za ta riƙa ciyar da mai ita. Haƙƙinmu ne kuma mu san ɗan abin da ya sawwaƙa game da abin hawanmu, ko da jerin nan ne da aka zayyana a sama, domin mai iya tambayar "an duba wayar kuloci kuwa?" ya rage wa zoben ɓata ƙarfi.

Kammalawa

A cikin laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirkii, Anthony Kirk-Greene ya jera halayen da Bahaushe yake auna nagarta da su, kuma gaskiya da amana na sahun gaba a cikinsu. Abin da giyar babur ta ƙara mana shi ne, amana ba ta tsaya ga kuɗin ajiya ba. Duk wanda ya kawo maka abin da bai sani ba, ya ajiye jahilcinsa ne a hannunka, kuma wannan ajiya ta fi ta kuɗi nauyi, domin mai ita ba zai taɓa iya ƙirga ta ya ga ko an taɓa ba.

Amsar tambayarmu ke nan. Bakanike ya faɗi cutar yadda take, ƙarama ko babba, ya bi bincike daga mai araha zuwa mai tsada, sa'an nan ya nemi ladan saninsa a fili ba tare da jin kunya ba. Mai babur kuma ya biya ladan sanin nan da zuciya ɗaya. 'Yan'uwa ɗalibai, nan da 'yan shekaru waninmu zai zama likita, wani lauya, wani injiniya mai ƙiyasta kuɗin gada, wani malami mai duba takardun jarrabawa. Kowannenmu zai sami ranar da wani bawan Allah zai tsaya a gabansa ya ce abu ya cije, shi kuwa ya gane da kallo ɗaya cewa ƙura ce kurum, kuma ba mai sanin abin da zai faɗa sai shi. Yana da kyau mutum ya shirya amsarsa tun yana aji. Allah Ya sa mu dace, amin.